An soke hukuncin duka a kotun ɗaukaka ƙara: tambayoyin da iyalai ke yi a Tawa kan diyya da abin da ke biyo baya

Ranar da kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin da aka yanke wa mutum kan duka ko jin rauni, gida biyu ne ke kwana da magana a baki. Gidan wanda aka sallama suna murna, amma suna lissafin watannin da ya yi a kaso, da damanar da ta wuce ba a nome gonarsa ba. Gidan wanda aka ji wa ciwo kuwa suna kallon tabon da ke jikin ɗansu, suna tambayar ina haƙƙinsa ya tafi. Dukansu sukan ɗauka shari'a ta ƙare. Sau da yawa ba ta ƙare ba, kuma abin da ke nuna ƙofar da ta rufe da wadda ta rage a buɗe shi ne dalilin da alƙalai suka rubuta a cikin takardar hukunci. Ga tambayoyin da aka fi yi.

Me ake nufi in an ce an soke hukunci, kuma wace kotu ce ke yin haka?

Dukan ganganci da jin rauni laifi ne a dokar Nijar; kundin hukunta laifuka na 1961, wanda aka yi wa gyara babba a 2003, ya ambace shi a sashe na 222. Hukuncin yana ƙara nauyi in an yi amfani da makami, ko an shirya abin tun da farko, ko mutum ya rasa wata gaɓa. Shari'ar farko ana yin ta a babbar kotun Tawa ko ta Birnin Ƙwanni, ko a ƙananan kotuna irin na Madawa, Illela, Keita, Buza da Abalak. Wanda bai gamsu ba sai ya ɗaukaka ƙara.

A da mutanen Adar, wato yankin Tawa, sai sun je Yamai don wannan. Yanzu akwai kotun ɗaukaka ƙara a nan Tawa, bayan ta Yamai da ta Damagaram. Alƙalanta suna sake duba maganar gaba ɗaya, da abin da ya faru da kuma dokar da aka yi aiki da ita. Suna iya tabbatar da hukuncin farko, ko su rage shi, ko su sauya sunan laifin, misali daga dukan ganganci zuwa rauni bisa kuskure, ko su sallami mutum baki ɗaya. Wanda aka sallama ana sakin sa, in dai ba wata shari'ar ce ta daban ke riƙe da shi ba.

Kwana nawa mutum ke da shi don ɗaukaka ƙara?

Kwana goma daga ranar da aka yanke hukunci a gabansa. Ana zuwa wajen magatakardan kotun da ta yi shari'ar a rubuta. Wanda ke tsare yana iya sanar da shugaban gidan kaso. Kwana goma ba su da yawa ga iyalin da ke ƙauye, musamman in mai faɗa a ji na gidan yana ci-rani a Abijan ana jiran shawararsa ta waya. A rubuta ɗaukaka ƙarar tukuna, shawara ta biyo baya.

Abu ɗaya da ke kwantar da hankali: in wanda aka yanke wa hukunci ne kaɗai ya ɗaukaka ƙara, kotu ba ta da ikon ƙara masa hukunci. In mai gabatar da ƙara na gwamnati shi ma ya ɗaukaka, to komai na iya faruwa.

Malam, an sallami ɗana. Kenan kotu ta tabbatar cewa ƙarya aka yi masa?

Baba, Allah ya ƙara tsarewa, amma a yi haƙuri a karanta takardar kafin a faɗi haka a bainar jama'a. Sallama ba iri ɗaya ba ce.

Akwai sallamar da kotu ta ce abin bai ma faru ba, ko ya faru amma ba shi ne ya aikata ba, domin a ranar yana kasuwar wani gari kuma shaidu sun tabbatar. Wannan wankewa ce sarai. Akwai wadda kotu ta ce lalle ya kai hannu, amma kare kansa ya yi daga harin da aka kawo masa, kuma bai wuce gona da iri ba. Akwai kuma wadda ta fi yawa: kotu ta ce hujjojin ba su kai ba. Faɗa ne na dare a bakin gona, mutum shida ko bakwai da sanduna, shaidu sun saɓa wa juna, ba a san sandar wa ta fasa kan ba. A nan doka ta ce kokwanto yana amfanar wanda ake zargi. Wannan ƙa'ida ce mai kyau, kuma ina goyon bayanta da zuciya ɗaya, domin ɗaure marar laifi zalunci ne da ba ya gyaruwa. Sai dai ba ta nufin wanda ya kai ƙara maƙaryaci ne. Ciwonsa na gaske ne, kotu ce ba ta gano hannun da ya ji masa ba.

Akwai kuma inda matsalar ta tsarin shari'ar ce, kamar a ce ba a kira mutum kotu yadda doka ta tanada ba, ko an tauye masa damar kare kansa. A irin wannan kotun ɗaukaka ƙara takan rushe hukuncin farko, sannan ita da kanta ta saurari maganar ta yanke nata.

Saboda haka aikin farko bayan an fito daga zauren kotu shi ne a nemi kwafin hukuncin a rubuce wajen magatakarda. Da Faransanci yake, don haka a sami wanda ya san harshen shari'a ya karanta shi tun daga dalilai, kada a tsaya ga layukan ƙarshe kawai. Abin da tafinta ya faɗa a zaure cikin minti biyu ba ya wadatarwa.

Ni aka doka, hannuna bai koma daidai ba har yau. An sallame shi. Zan iya neman diyya ta wata hanya?

Wannan ita ce tambaya mafi nauyi, kuma amsarta ta rataya ga abu biyu: yadda ka shiga shari'ar tun farko, da dalilin sallamar.

A tsarinmu, wanda muka gada daga Faransa, wanda aka cuta yana da hanya biyu. Ko ya shiga cikin shari'ar laifin a matsayin mai neman diyya, alƙali ɗaya ya yanke hukuncin laifi da na kuɗi a zama ɗaya, ko ya kai ƙararsa daban a ɓangaren shari'ar haƙƙi, inda mutum ke ƙarar mutum. Yawancin mutane ta farko suke bi domin ta fi sauƙi da arha. Wanda ya bi ta biyu kuwa, alƙalinsa zai dakata har sai an gama shari'ar laifin.

Tushen neman diyya shi ne sashe na 1382 na kundin dokar haƙƙi: duk wanda laifinsa ya jawo wa wani ɓarna, wajibi ne ya gyara. To amma akwai wata ƙa'ida da ke tsaye a gabansa. Abin da alƙalin laifi ya yanke, ya zama na ƙarshe, alƙalin haƙƙi ba ya saɓa masa. In kotun ɗaukaka ƙara ta ce ba shi ne ya doke ka ba, babu alƙalin da zai dawo ya ce shi ne, ya biya. In ta ce kare kansa ya yi, nan ma ƙofa ta rufe. Ko sallamar kokwanto ma tana ɗaure hannun alƙalin haƙƙi a kan wancan dukan da aka yi shari'a a kansa. Na san wannan magana ce mai ɗaci ga wanda ke ɗauke da ciwo, amma gara a ji ta yanzu da a sayar da tumaki a kashe kuɗin a ƙarar da ba za ta je ko'ina ba.

Duk da haka akwai abin da ke ragewa. In kotu ta sauya sunan laifin ne kawai, diyyarka na nan. In akwai wani kuskure na daban da ba shi aka yi shari'a a kai ba, ana iya gina ƙara a kansa. In hukuncin ya nuna cewa wani ne daban ya yi dukan, ana iya kai ƙarar wancan, kuma a gaggauta, domin laifi irin wannan ba a bin sa bayan shekara uku in ba a yi wani motsi na shari'a ba. Sashe na 1384 kuma ya ɗora alhaki kan iyaye saboda ɓarnar ƴaƴansu ƙanana da ke zaune tare da su, da kan ubangida saboda ɓarnar da yaronsa ya yi a bakin aiki. In afuwa ce ta gwamnati ta shafe laifin, ba ta shafe haƙƙin wanda aka cuta.

Sannan akwai kotun da ke sama. Tun bayan sauyin mulki na 26 ga Yuli 2023, Kotun Ƙasa da ke Yamai, wato Cour d'État, ita ce ke duba ƙorafi kan hukuncin kotunan ɗaukaka ƙara. Ba ta sake jin shaidu. Abin da take dubawa shi ne ko an yi aiki da doka daidai. Wa'adin kai mata ƙorafi ƴan kwanaki ne ƙalilan, don haka a ga lauya a ranar ko washegari.

Idan a kotun farko aka sallame shi, ni da aka ji wa ciwo zan iya ɗaukaka ƙara?

Ƙwarai, amma a kan diyya kawai. In mai gabatar da ƙara bai ɗaukaka ba, kotu ba za ta ɗaure mutumin ba, sai dai tana iya duba abin da ya faru ta ce a biya ka.

Mun ji a rediyo cewa a Amurka an soke hukuncin ɗan wasan barkwanci Bill Cosby, amma daga baya kotu ta sa ya biya wata mata kuɗi. Me ya sa mu ba haka ba?

Labarin gaskiya ne. A 2018 kotu a jihar Pensilbaniya ta same shi da laifin cin zarafin wata mata ta hanyar lalata, aka yanke masa ɗaurin shekara uku zuwa goma. Ranar 30 ga Yuni 2021 kotun ƙolin jihar ta soke hukuncin aka sake shi. Kotun ba ta ce bai aikata ba. Dalilinta shi ne, a 2005 mai gabatar da ƙara na lokacin ya bayyana cewa ba za a gurfanar da shi ba, shi kuma bisa wannan ya yi bayani a wata ƙarar diyya, daga baya aka ɗauki bayanin aka kafa masa hujja da shi. Kotun ta ga an tauye masa haƙƙi. A Yunin 2022 kuma masu taya alƙali shari'a a Kalifoniya suka ce ya biya wata mata ta daban dalar Amurka 500,000 kan abin da ya faru a 1975. Wasu matan ma sun shigar da ƙara a jihar New York, bayan da jihar ta buɗe wa'adin shekara ɗaya daga Nuwamban 2022 don tsofaffin ƙorafe-ƙorafe irin waɗannan.

Bambanci biyu ne. Na farko, waɗannan ƙararraki na wasu mata ne kan wasu abubuwan, kuma sokewar ba ta taɓa gaskiyar zargin ba. Na biyu, a Amurka shari'ar laifi da ta diyya kowacce da ma'auninta: ta laifi sai hujja ta kawar da kokwanto, ta diyya kuwa ya isa hujjar wani ta rinjayi ta wani. Shi ya sa a can ana iya wanke mutum a laifi a kama shi a diyya kan abu guda. A nan hukuncin laifi ne ke jan ragama. Kada labarin wata ƙasa ya sa mutum ya ɗauki buri da dokar ƙasarsa ba ta ba shi ba.

Mun riga mun biya wani abu daga cikin diyyar da kotun farko ta yanke. Za a maido mana?

In hukuncin da aka biya dominsa ya rushe, kuɗin ya zama abin maidowa. Amma a bambanta shi da kuɗin da aka kai asibiti don Allah, ko wanda aka bayar a zaman sulhu gaban dattawa. Wannan kyauta ce ko yarjejeniya, kuma ni a ganina mutumin kirki ba ya bin sa.

Ƙanena ya yi watanni a kaso kan zargin da aka wanke shi. Za mu iya kai ƙarar wanda ya zarge shi?

Hanyar tana nan, ƴar'uwa. Doka ta hukunta wanda ya kai ƙarar ƙage wajen hukuma, ta hukunta mai shaidar zur. Kuma in mai ƙorafin ne da kansa ya tayar da shari'ar, ba mai gabatar da ƙara ba, wanda aka sallama yana iya neman diyya a kansa saboda ya yi wasa da kotu.

Sai dai sharaɗin yana da tsauri. Dole ku nuna cewa mutumin ya san ƙarya yake yi a lokacin da ya kai ƙarar. Wanda aka fasa wa kai cikin duhu, ya ambaci sunan wanda ya yi tsammani, ya yi kuskure, amma bai yi ƙage ba. Wanda kuwa ya tara shaidun haya don ya raba maƙwabcinsa da gonar albasa, wannan ya cancanci a bi shi har ƙarshe, kuma ban ga dalilin da za a ce a yi masa shiru ba, domin gobe wani zai yi wa.

Abin da nake roƙo shi ne a tambayi zuciya kafin a tambayi lauya. Ƙararrakin da ke biyo bayan sallama da yawa ramuwa ce aka sa wa rigar shari'a. Wannan ya kai ƙarar ƙage, wancan ya mayar da ƙarar ɓata suna, shekaru su tafi, gida biyu da ke aurayya da juna su daina gaisawa ko a wurin jana'iza. In akwai hujjar mugun nufi a hannu, a tafi. In haushi ne kawai, haushin yana da dalili, amma kotu ba za ta biya shi ba.

To gwamnati fa, da ta tsare shi?

Gyaran da aka yi wa kundin tsarin shari'ar laifi a 2003 ya tanadi neman diyya ga wanda aka tsare kafin hukunci, daga baya shari'ar ta ƙare da sallama ta ƙarshe. Ba a biya kai tsaye. Sai mutum ya rubuta buƙata, ya nuna irin ɓarnar da tsarewar ta yi masa da hujja: shagon da ya rufe, aikin da ya kuɓuce, rashin lafiyar da ya kwaso. A ajiye takardar shiga kaso da ta fita, domin su ne ke ƙidaya kwanakin. Mutane ƙalilan ne ke bin wannan hanya, galibi don ba su san da ita ba, ko don suna ganin wanda ya fito ya gode wa Allah kawai. Godiya wajibi ce, amma neman haƙƙi bai rage ta da komai ba.

Sunansa zai fito a takardar shaidar rashin laifi? Kuma aikin da ya rasa?

Hukuncin da aka soke ba ya shiga wannan takarda. In an nemo ta aka ga wani abu, a kai kwafin hukuncin ɗaukaka ƙara wajen mai gabatar da ƙara a gyara.

Batun aiki kuwa shari'a ce ta daban. Ma'aikacin kamfani zai fara da ofishin masu sa ido kan ƙwadago don a gwada sasantawa, in ta ƙi sai kotun ma'aikata.

Ana ta yawo da hotonsa a WhatsApp da Facebook ana ce masa mugu.

Dokar laifukan intanet ta 2019 ta hukunta ɓata suna da zagi ta waɗannan hanyoyi, kuma a Yunin 2024 an maido da hukuncin ɗauri a kansu. Wannan gargaɗi ne ga ɓangarorin biyu. Wanda aka sallama shi ma in ya hau waya yana kiran mai ƙararsa maƙaryaci, alhali hukuncin kokwanto kawai ya ambata, zai iya samun kansa a gaban alƙali karo na biyu.

Ba gara mu koma wajen sarki ko malamai a sasanta ba?

A batun kuɗi, sau da yawa gara hakan. Dokar 2015 kan matsayin sarakunan gargajiya ta ba su ikon sulhu a al'amuran al'ada da na haƙƙi, kuma ana rubuta takardar sulhu. A gaban mai gari ko hakimi ana iya faɗin abin da kotu ba ta da wurinsa: cewa an yi faɗa, an ji ciwo, ko da ba a san hannun wa ba, dangi za su haɗa kuɗin magani. Malamai kuma suna tunatar da mutane cewa haƙƙin rauni abu ne da Musulunci ya ba muhimmanci, kuma sallamar kotu ba ta sauke nauyin da ke tsakanin mutum da Ubangijinsa in ya san ya aikata.

Iyaka biyu ne. Sarki ba ya shari'ar laifi, kuma janye ƙorafi ba ya tilasta wa mai gabatar da ƙara ya tsaya. Na biyu, kada a matsa wa mai rauni, musamman mace ko yaro ko talakan da ke ƙarar mai hali, ya yafe don a rufe magana. Sulhun da aka yi da tsoro ba ya ɗorewa. A rubuta adadin kuɗin, da ranar biya, da shaidu, kowa ya riƙe kwafi.

Waɗanne takardu ne ke da amfani?

Takardar likita ta farko ita ce uwa. Wadda aka yi a ranar ko washegari, mai bayyana raunin da kwanakin da mutum ba zai iya aiki ba, ta fi wadda aka nemo bayan mako biyu nesa ba kusa ba. Hukunce-hukunce da dama suna rushewa a ɗaukaka ƙara saboda an fara zuwa wajen mai ɗori, ba a je asibiti ba sai da ciwo ya sauya kama. A haɗa da takardun sayen magani, hoton ƙashi, hotunan raunin, da sunayen waɗanda suka gani da ido, ban da waɗanda aka ba labari. In ciwon ya bar naƙasa, a roƙi kotu ta naɗa likita ya auna ta, domin a kan wannan awon ake lissafin kuɗi.

Ba mu da kuɗin lauya.

Akwai hukumar ANAJJ, wadda dokar Disamban 2011 ta kafa don taimakon shari'a, tana da ofisoshi a manyan kotuna. Bayani da shawara kyauta ne ga kowa, kuma marasa hali da wasu rukunin mutane kamar yara suna iya samun mai kare su. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta ANDDH ita ma tana ba da shawara. Yawancin lauyoyin ƙasar nan a Yamai suke zaune, don haka wanda zai ɗauko ɗaya zuwa Tawa ya yi magana da shi a fili tun farko kan kuɗin aiki da na hanya, a rubuta. Kuma a yi nesa da masu tsayawa a ƙofar kotu suna cewa sun san alƙali.

Kotu ta ce a biya ni, amma har yau ko dala ban gani ba.

Hukunci ba ya zartar da kansa. Za ka karɓi kwafin da ke ɗauke da umarnin zartarwa wajen magatakarda, ka kai wa ma'aikacin shari'a mai zartar da hukunci, shi zai isar da takardar neman biya, in an ƙi ya kama dukiya bisa dokokin OHADA, ƙungiyar ƙasashen Afirka masu dokar kasuwanci iri ɗaya, wadda Nijar ke cikinta. Shi ma aikinsa da kuɗi, kuma akwai kayan da doka ta hana a kama, irin waɗanda iyali ba sa rayuwa sai da su. Shi ya sa tun kafin a shigar da ƙara ya kamata a duba ko wanda ake ƙara yana da abin biya, ko akwai ubangida ko iyaye da doka ta ɗora wa alhaki tare da shi. In ba shi da komai sai abin da zai samu bayan girbi, a karɓi biya kashi-kashi a rubuce, da ranaku, gaban shaidu biyu.